Kalmomin Jirgin Ruwa da Tarihin da Ke Cikinsu



Na san akwai wanda ya ga kan wannan lacca a allon sanarwa ya ce a ransa, ina ruwan Bahaushe da teku? Tambayar ba ta rasa hujja ba. Daga Kano zuwa bakin teku a Ikko tafiya ce ta wajen kilomita 1,000, kuma da yawa daga cikin kakanninmu sun yi rayuwarsu sun gama ba su taɓa ɗanɗana ruwan teku ba. Amma duk wanda ya taɓa buɗe fayil na odar kaya daga ƙasashen waje, ko ya zauna fassara labari a gidan rediyo, ya san kalmomin masu jiragen ruwa sun daɗe da iso mu har gida. Abin da nake so in nuna yau shi ne, kalmomin nan suna ɗauke da shaidar wanda ya koya wa wani sana'ar, sa'an nan kuma akwai lokutan da rashin fahimtar kalma guda daga cikinsu ya jawo hasarar rai, ko hasarar dukiyar ƙasa.

Bari mu fara da abin da ke hannunmu. Jirgi, a wurin mutanen da, shi ne itacen da aka fafe ake ƙetare kogi da shi. Aikin ƙetarar da mutane da kaya shi ake ce wa fito, abin da ake biyan mai jirgin kuma shi ne kuɗin fito. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan kuɗi sarai, don ba su da hanyar wuce Kwara da jakunansu sai sun biya shi. Yau kuma idan gwamnati ta ƙara haraji a kan kayan da ake shigowa da su, sai ku ji mai karanta labarai ya ce an ƙara kuɗin fito. Watau sunan ladan mai kwalekwale ne aka ɗauka aka sa wa harajin kwastan, kuma ya zauna daram. Haka kalmar tuƙi: ana tuƙa tuwo, ana tuƙa jirgi, daga baya aka zo ana tuƙa mota. Da dogo ya iso Kano a 1911, mutane suka dubi abin da ke ɗaukar jama'a da kaya masu yawa haka, suka ce ai wannan jirgi ne, sai dai na ƙasa. Da jiragen sojan Ingila suka sauka Kano a 1925, aka sami jirgin sama. Daga nan ne ya zama tilas a riƙa cewa jirgin ruwa, don a bambanta uban da 'ya'yansa.

Akwai ma wani abin ban sha'awa. A 1832 wani ɗan kasuwa mai suna Macgregor Laird, tare da Richard Lander, suka taso daga Libaful da jirage biyu masu aiki da tururi don su hau Kwara. Ɗaya suka sa masa suna Quorra, watau Kwara. Ɗayan kuwa, wanda aka ƙera da ƙarfe, suka kira shi Alburkah, watau albarka, kalmar da matafiyansu suka jiyo a ƙasashen nan. Tafiyar dai ba ta yi albarka ba, domin cikin Turawa 48 da suka taso, 9 kaɗai zazzaɓi da sauran cututtuka suka bari da rai.

Wannan na kogi ke nan. Ilmin tafiyar teku kuwa sai mu neme shi inda aka gina shi, kuma zan fara da Tekun Indiya saboda wata kalma da kowa a ɗakin nan ya sani, watau malam. Asalinta mu'allim ne na Larabci. A jiragen Larabawa da Farisawa da mutanen Indiya da ke zirga-zirga tsakanin Adan, Maskat, Gujarat da Zanzibar, ana kiran shugaban jirgi nakhuda, kalmar Farisanci mai nufin ubangidan jirgi. Ita ce ta zama nahodha a harshen Suwahili. Amma wanda ya san hanya, wanda ke duban taurari ya faɗi inda ake da inda za a dosa, shi ake kira mu'allim. Nakhuda na iya zama mai dukiya kawai. Rayukan mutanen jirgi a hannun malam suke.

Mafi shahara cikin waɗannan malamai shi ne Ahmad bin Majid, mutumin Julfar, inda yau ake kira Ras al-Khaima a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wajen shekarar 1490 ya rubuta littafinsa Kitabul Fawa'id, wanda ya tattara ƙa'idojin ilmin teku. A cikinsa za ku ga an raba da'irar sararin sama gida 32, kowane gida an sa masa sunan mafita ko mafaɗar wani tauraro. Tsawon tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa ana auna shi da isba'a, watau yatsa, kuma yatsa 224 ne ke cika da'ira. Abin awon nan ba wani abu ne mai wuya ba: ɗan allo ne da zare mai ƙulle-ƙulle. Malam zai ciji ƙulli ɗaya da haƙori, ya miƙa allon gabansa har zaren ya miƙe, ya daidaita gindin allon da bakin ruwa, samansa kuma da tauraron arewa. Kowace tasha tana da adadin yatsunta, don haka in ya kai adadin garin da yake nema, sai ya juya gabas ko yamma ya bi layin har ya ga tudu. Nisan tafiya kuma ana lissafa shi da zam, watau abin da jirgi ke ci cikin sa'a uku.

A watan Afrilu na 1498 Vasco da Gama, jagoran jiragen Fotugal, ya sami wani malamin teku a Malindi, a gaɓar ƙasar Kenya ta yau, wanda ya kai shi Kalikut a Indiya cikin ƙasa da wata guda. Marubutan Fotugal sun rubuta sunan mutumin Malemo Kana, suna zaton sunansa ke nan, alhali Malemo ɗin nan laƙabin sana'arsa ne, mu'allim. An daɗe ana koya wa ɗalibai cewa Ahmad bin Majid ne wannan mutum. Masu bincike na baya-bayan nan sun ƙi wannan magana, sun fi karkata ga cewa mutumin Gujarat ne, kamar yadda littattafan Fotugal ɗin suka nuna. Na faɗi wannan ne domin har yanzu ina cin karo da tsohon zancen a takardun jarrabawa.

Dalilin da ya sa tafiyar ta yi sauri shi ne iska. Jiragen wancan zamani iska ce ke tura su, ta hanyar manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a dogayen itatuwa, kuma iskar Tekun Indiya tana da alkawari. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, ta kawo jirage daga Indiya da ƙasar Larabawa zuwa gaɓar Afirka ta Gabas. Daga Afrilu zuwa Satumba sai ta juya ta mayar da su gida. Larabawa suna kiran lokacin tashin jirage mausim, watau ƙayyadadden lokaci na shekara. Mutanen Fotugal suka ɗauki kalmar, daga bakinsu ta bi ta kai ga Ingilishi ta zama monsoon, wadda ɗaliban labarin ƙasa ke haddacewa ba su san daga inda ta fito ba.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa Larabawa ne suka ƙago kome. Su ma aro suka yi, kuma ba su ji kunya ba. Bandar, watau tashar jirage, Farisanci ne. Usɗul, watau rundunar jirage, daga Girkanci take. Ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya, Girkawa suka kira shi ankura. Farisawa suka ce langar, Larabawa anjar, Suwahili nanga, Ingilishi kuma anchor. Kalma ɗaya ce ta zagaya rabin duniya tana sauya riga.

Daga Tekun Indiya sai mu haura Bahar Maliya, wadda alhazanmu na ƙafa suka sha ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, mu faɗa Bahar Rum. A nan ne kalmomin Larabci suka fi shiga harsunan Turai, kuma yawanci ta ƙofar Italiya. Tsibirin Sisili ya yi fiye da shekara 200 akwai mulkin Musulmi a cikinsa kafin Normawa su ƙwace shi, kuma da suka ƙwace ba su rushe tsarin ofisoshin da suka tarar ba. Wajen 1132 Sarki Roger na Biyu, wanda a fadarsa ne Idrisi ya rubuta littafinsa na labarin ƙasa, ya naɗa wani Jurji mutumin Antakiya sarautar da ke daidai da amirul umara'i, watau amirin amirai. Da yake Jurji shi ne ke jan rundunar jiragen sarki, sai laƙabin ya manne wa aikin. Mutanen Jenowa suka ara, Faransa da Ingila suka bi, aka sami admiral, babban hafsan sojan ruwa. Amirin da muka sani a Amirul Hajji shi ne a ciki.

Ga wata. Wurin ƙera jirage Larabawa suna kiransa darus sina'a, watau gidan sana'a. Sana'ar nan tamu ce ta kullum, tushe ɗaya. Mutanen Venis suka ɗauki sunan suka sa wa babbar ma'aikatar jiragensu, wadda ake cewa an kafa ta a 1104, daga nan kalmar ta zama arsenal, ma'ajiyar makamai. Samarin da ke ihu a gidan kallon ƙwallo ba su san suna kiran gidan sana'a ba ne: ma'aikatan wata masana'antar makamai ta Landan ne suka kafa ƙungiyar a 1886. Abin mamakin shi ne kalmar ta koma gida da sabuwar kama, domin Turkawa sun karɓe ta daga Italiya suka ce tersane, Larabawan Masar kuma suka karɓa suka ce tarsana. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da irin wannan. Abin da muke kira kwastan su duwan suke cewa, daga Faransanci, Faransanci kuwa daga diwan, ofishin rajista inda ake rubuta kayan fatake a tashoshin Musulmi. Mangaza, ɗakin ajiye kaya, ita ma ta bi wannan doguwar hanya daga makhzan na Larabci.

Yanzu zan juya ga wani fanni, wanda a ganina ya fi muhimmanci ga masu aikin tsara kalmomi. Ma'aikatan jirgi ba su cewa hagu da dama, domin wanda ya fuskanci goshin jirgi da wanda ya fuskanci bayansa hagunsu ba ɗaya ba ne. Sai aka ba kowane gefe na jirgin sunansa wanda ba ya sauyawa ko ina mutum ya juya. A tsofaffin jiragen arewacin Turai ana sarrafa jirgi da wani babban filafili da aka ɗaura a gefen dama, saboda yawancin mutane da dama suke aiki. Gefen ya sami suna starboard, watau gefen tuƙi. Don kada filafilin ya karye, sai a jingina ɗaya gefen da gaɓa a yi lodi, aka kira shi larboard. To, ku faɗi kalmomin nan biyu da ƙarfi cikin iska da rugugin ruwa, ku ji ko kunne zai raba su. Bayan ɗaruruwan shekaru ana fama, a 1844 rundunar ruwa ta Ingila ta ba da umurni a daina faɗin larboard, a riƙa cewa port, watau gefen tasha. Amurka ta bi a 1846. Tsohuwar kalmar tana da asali da tarihi, amma aka yar da ita saboda kunne. Da dare kuma fitila ce ke magana: ja a gefen hagu, kore a gefen dama.

Akwai wadda ta fi wannan rikitarwa. A da, sanda ce ake turawa don juya jirgi, kuma in ka tura ta dama, jirgin hagu zai yi. Da aka koma amfani da sitiyari, sai aka ci gaba da ba da umurni da tsohon lissafin sanda. Daren da Titanic ta yi karo da dutsen ƙanƙara a 1912, hafsan da ke bakin aiki ya yi kiran a kai sanda dama gaba ɗaya, abin da yake nufi kuwa shi ne jirgi ya karkata hagu. Ƙwararru sun saba da wannan, amma wasu ƙasashe sun riga sun koma faɗin abin kai tsaye, ma'aikata kuwa suna sauya jirage. Sai da aka yi taron ƙasashe a Landan a 1929, jiragen Ingila suka bar tsohon salon a farkon 1933. Matsalar harshe ba ta ƙare nan ba. A 1990 gobara ta tashi a jirgin fasinja Scandinavian Star tsakanin Norwe da Denmak, mutum 159 suka mutu, bincike kuma ya nuna da yawa daga cikin ma'aikatan ba su iya magana da fasinjojin ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince, a 2001, da jerin ƙayyadaddun jimloli na Ingilishi waɗanda hafsoshin jirage za su riƙa amfani da su.

Kalmomin awo su ma suna da nasu labarin. Zurfin ruwa ana auna shi da fathom, ƙafa 6, kuma asalin kalmar shi ne faɗin hannuwa biyu in an ware su. Mai haƙar rijiya a ƙasar Hausa ba ya bukatar fassara, gaba ke nan. Gudun jirgi kuwa ana faɗinsa da knot, watau ƙulli. A kan jefa ɗan katako a ruwa daga bayan jirgi, ɗaure da igiya mai ƙulli a kowace ƙafa 47 da inci 3, a kifa agogon rairayi mai daƙiƙa 28. Yawan ƙullin da ya zare ta hannun mai riƙe da igiya kafin rairayin ya ƙare, shi ne yawan mil na teku da jirgin ke ci a sa'a guda. Mil na teku ya fi na tudu tsawo. A taron Monako na 1929 aka tsayar da shi a kan mita 1,852. Saboda haka jirgin da ke gudun ƙulli 20 yana cin kimanin kilomita 37 ne a sa'a. Na sha jin mai fassara ya mayar da ƙulli 20 kilomita 20, ya rage wa jirgi kusan rabin gudunsa.

Tan ya fi kowanne yaudara. Asalinsa sunan wata babbar ganga ce ta giyar inabi da ake ɗaukowa daga Bordo zuwa Ingila, ana kuma kimanta girman jirgi da yawan gangunan da cikinsa zai ci. A 1854 Ingila ta tsayar da cewa tan ɗaya na rajistar jirgi shi ne fili mai ƙafa 100 murabba'i uku, watau tsawo da faɗi da zurfi. Yarjejeniyar 1969, wadda ta fara aiki a 1982, ta sauya hanyar lissafin, amma har yanzu girman cikin jirgi ake nufi. Nauyin kayan da zai iya ɗauka kuwa wani awo ne dabam, shi ma da tan ake faɗinsa. Kuɗaɗen tasha da yawa a kan na farkon ake yanka su, don haka akawun da ya gauraya su zai cuci gwamnati ko ya cuci mai jirgi.

Wannan ya kawo ni ga kalmar da ta fi kowace tsada a tarihin Nijeriya, watau demurrage. Asalinta tsohon Faransanci ne mai nufin daɗewa a wuri. Idan aka yi hayar jirgi, akan ba mai kaya wasu kwanaki na sauke kayansa. In suka wuce jirgi yana tsaye, zai biya tarar kowace rana, domin jirgin da ke tsaye yana cin albashin ma'aikata ba ya kawo kome. A 1974 zuwa 1975, lokacin da kuɗin man fetur suka yi yawa, gwamnatin Janar Gowon ta ƙulla kwangila 109 da kamfanoni 68 don sayen siminti fiye da tan miliyan 16, na kusan dala biliyan ɗaya, alhali tashar Ikko ba ta iya sauke fiye da ɗan kaso kaɗan na wannan a shekara. A cikin takardun akwai sharaɗin wannan tara, wadda a wasu kwangilolin ta kai kimanin dala 4,000 ga kowane jirgi a kowace rana. Kafin a farga jirage fiye da 400 sun yi cirko-cirko a bakin Ikko, wasu wata da watanni. Siminti ya sha laima ya daskare a cikin wasu. Wasu 'yan kasuwa kuma suka gane jiran ya fi kayan riba, suka turo tsofaffin jirage don kawai su shiga layi. Sauran kayan masarufi suka rasa wurin sauka. Gwamnatin Janar Murtala da ta hau a Yuli 1975 ta tsayar da biya, aka yi shekaru ana shari'a a kotunan Ingila da Amurka da Jamus. Cunkoson nan yana cikin abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Ban ce jahilcin kalma kaɗai ne ya jawo wannan ba, son zuciya ya taka rawarsa. Amma takardun sun bi ta teburori da yawa, kuma akwai teburin da in mai shi ya san nauyin sharaɗin nan, da ya ɗauki alƙalami ya ninka dala 4,000 sau ɗaruruwan jirage kafin ya sa hannu.

Yau teku ta matso kusa da mu fiye da yadda kakanninmu suka zata. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano kuma a 2023, inda kwantena ke isowa a yi mata aikin kwastan kamar a bakin ruwa. Kwantena kalmar aro ce, ta kuma zauna lafiya, ban ga dalilin korarta ba. Inda nake ganin aiki yana jiranmu shi ne wurin da kalma ɗaya ta Hausa ke rufe abubuwa da yawa. Ɗan kasuwa yakan ce an caje shi kuɗin jinkiri, alhali abu uku ne. Akwai abin da kamfanin jirgi ke karɓa in kwantenarsa ta wuce kwanakin kyauta tana cikin tasha. Akwai abin da yake karɓa in an fita da ita ba a dawo da ita da wuri ba. Akwai kuma ladan fili, wanda masu tashar ke karɓa. Shawarata ita ce a kira na farko tarar zama, na biyu tarar riƙo, na uku kuɗin ajiya, sa'an nan a kai su Kantin Kwari da Singa a faɗa wa masu shigo da kaya, a ga ko za su karɓa.